Tsohon zani, gwanjo ko sabon yadi: da wanne za ki ɗinka kayan zafi?

Da zarar hunturu ya tattara ya tafi, watan Maris ya kama, sai kayan da ke cikin akwatin mace su rabu gida biyu: waɗanda za su sawu, da waɗanda sai dai a kalla a mayar. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, a lokacin ne kuma 'yan Nepa suka fi ɗauke wuta. Rigar da tela ya ƙawata miki da shafi da duwatsu, ya matse ta a ƙugu, ya sa mata zif har gadon baya, ba ta da wani amfani da azahar ɗin bazara. Abin da jiki ke nema shi ne riga mai yalwa, marar nauyi, wadda iska ke ratsawa. Irin wannan kuwa ba sai an kai wa tela ba. Duk mai keke a gida, ko da miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ta iya, za ta fitar da ita.

Inda ake tsayawa shawara shi ne wurin samo abin da za a yanka. Hanya uku ke gabanki, 'yar'uwa: ki buɗe akwati ki fito da tsofaffin zannuwa, ki shiga kasuwar gwanjo ki tsinto manyan kaya ki farke, ko ki je Kantin Kwari a yanko miki sabo. Ni dai ra'ayina ba ɓoyayye ba ne, tsohon zani ne kan gaba, sauran biyun kuma kowanne yana da wurin da ya fi shi. Amma akwai abin da ke yanke hukunci a kan dukansu, shi ne zaren da aka saƙa ƙyallen da shi.

Auduga tana shan ruwa. Ko a bushe kika gan ta, tana riƙe da laima wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, alhali zaren roba, wanda ake rubuta wa polyester a jikin kaya, bai kai ya riƙe ko kashi ɗaya ba. Shi ya sa gumi ke shiga cikin auduga ya bazu, iska ta kaɗa ya bushe, jiki ya ji sanyi. A cikin roba kuwa sai ya tsaya a fata yana gangarowa, kafin kwana biyu ga ƙurajen zafi a wuya da hammata, ga tsamin jiki. Ido yana ruɗuwa, hannu ma haka, domin masu masaƙa sun ƙware wajen sa roba ta yi kama da auduga. Wuta ce ba ta ruɗuwa. Zaro 'yan zarurruka daga gefen ƙyallen, wasu na tsaye wasu na kwance, don wani lokaci auduga ce a ɗaya, roba a ɗayan. Ki riƙe su da bakin almakashi a kan faranti, ki kusanto da ashana. Auduga za ta kama nan da nan, ta yi warin takardar da ke ƙonewa, ta bar toka mai laushi wadda za ki murje da yatsa. Roba sai ta fara ja da baya kafin wutar ta taɓa ta, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. In kika ga toka da dunƙule a haɗe, to gauraye ne, kuma yawan dunƙulen shi ne yawan zufar da za ki sha.

Abin da ya ɗaga tsohon zani sama da sauran shi ne ya riga ya gama duk halayensa. Ya gama zuba, ya gama tsukewa, sitacin masaƙa ya fita tun tuni, wanki ya sassauta saƙar har iska na wucewa. Abin da kika auna shi za ki sa, ba za ki wanke riga ki tarar ta koma ta ƙanwarki ba. Galibi kuma zannuwan da suka daɗe a akwati auduga ce zalla, musamman waɗanda aka saya lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki. Tun 1957 aka buɗe masaƙar farko a can, ta UNTL ta biyo a 1964, kafin su yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Atamfar wancan zamani, in kika same ta a ƙasan adakar Umma, da wuya ki samu mai sanyinta a kasuwa yau sai kin zuba kuɗi sosai.

Kuma kusan kowane gida akwai su. Turmi yadi shida ne, a fitar da biyu na zani, sauran a yi riga da ɗankwali. Rigar ce ke fara mutuwa: ta yage a hammata, ko ta matse bayan haihuwa, ko yayin ɗinkin ya wuce. Zanin kuwa yana nan lafiya lau, ya rasa abokin tafiya. Waɗannan marayun zannuwa su ne jarinki.

Zani yadi biyu tsawonsa inci 72 ne, faɗinsa kuma wajen 45 zuwa 47. Yanka biyu ke fita daga cikinsa ba tare da wahala ba. In kika ninka shi biyu, kika fafe wuya a kan ninkin, kika ɗinke gefe da gefe kika bar wurin hannu, kin samu 'yar bubu mai tsawon inci 36, wadda za ta kai gwiwa ko kusa, hannunta ya wuce gwiwar hannu. Ta yi daidai da sawa a kan zani ko siket. Yanka na biyu ya fi burge ni. Ki mayar da faɗin zanin ya zama tsawon rigar, wato inci 45 ɗin ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙwauri, bakin zanin da masaƙa ta riga ta datse ya zama ƙasan riga, ba sai kin yi kalmasa ba. Kafin ki yanka, ɗaga zanin sama ki kalli rana ta cikinsa. Za ki ga tsakiyarsa, inda ake zama a kai, ta fi ko'ina haske, sannan bakin sama inda ake murɗawa a soke a ƙugu ya yi laushi. Ja wurin da hannu biyu. In kika ji ya yi ƙara kamar zai buɗe, to ya mutu. Ki yanke wannan tsakiyar ki fitar da ita, ki ajiye don tsumman goge keke, sai gefe biyun masu ƙarfi su zama gaba da baya. Ko kin cire inci takwas, kowane ɓangare zai rage da inci 32, zagayen riga ya zama sama da inci 60, wanda ya ishi yawancin mata su sake. In kina son ta kai idon sawu, ki ƙara inci 10 ko 12 a ƙasa daga ɗankwalin ko daga wani zanin da launinsu ya zo ɗaya. Idan aka maimaita wannan ƙarin a bakin hannu da wuya, ba mai cewa ƙari ne, ado za a ɗauka.

Kayan maigida ma suna cikin lissafi. Shaddar da ta sha wanki har ƙyallinta ya tafi, ta daina amsa bugu, ita ce ta fi kowace laushi, kuma babbar riga guda za ta fitar da rigunan yara biyu ko uku. Sai dai wurin aikin wuya da aljihu nauyi gare shi, a kewaye shi. Tsohon kaftani kuwa cire masa hannu kawai za a yi, a kalmashe, ya koma 'yar shara ta zaman ƙofar gida. Amma a tambaya tukuna. Kada mutum ya buɗe sif ranar Juma'a yana neman farar shaddarsa ya gan ta a jikin autansa. Haka zannuwan Umma: a ce "Umma, wannan kin gama da shi?" a kuma saurari yadda ta amsa, domin wani zanin na lefenta ne, ba don sawa take ajiye da shi ba.

Raunin tsohon zani a fili yake. Ba zai yi ƙarkon sabo ba, shekara ɗaya ko biyu ya yi miki ya gama aikinsa. Maƙwabta sun san shi, duk yadda kika juya shi wata za ta ce ai wannan zanin sunan wane ne. Yadin kuma ƙayyadadde ne, in almakashi ya kauce babu inda za ki ƙaro. Idan koɗewa ce kaɗai matsalar, marina na gyarawa. A Kano ga marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Rinin baba yana kama auduga da kyau, ba ya kama roba, sai dai sabon rini yana shafa a fata idan an yi gumi, don haka a wanke shi sau da yawa kafin a sa. Wani abin dubawa kuma, kayan da suke da sauran kyau sosai, waɗanda aka saba bayarwa kwance ga 'yan'uwa, ban ga dalilin sa musu almakashi ba. Wanda ya rasa rigarsa ko ya koɗe shi nake nufi. Holan mai kyau kuwa, irin na kamfanin Vlisco da ke buga atamfa a ƙasar Holan tun ƙarni na 19, ko ya tsufa bai cancanci zama rigar shiga kicin ba. A yi masa ɗinkin fita.

Gwanjo wata duniya ce daban, kuma nan ne aka fi yin asara cikin murna. Kayan suna zuwa ne a dila daga Turai da Amurka da Asiya, da yawa ta hanyar Kwatano, tunda gwamnatin Najeriya ta daɗe da hana shigo da su kai tsaye. Mafi yawansu ba don rana irin tamu aka ɗinka su ba, wani babban kaso kuma roba ce. Wadda ta shiga kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai a Kano ba ta san abin da take nema ba, za ta fito da buhun kaya masu kyau a ido waɗanda ba za su sawu ba sai Disamba. Arhar ma da ake yi wa gwanjo kirari da ita ta ragu ƙwarai tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

Mai ɗinki ba riga take nema a gwanjo ba, fili take nema, wato ƙyalle mai faɗi wanda ɗinki bai yayyanka shi ba. Da wannan ma'auni, zanin gado ne sarki. Na babban gado faɗinsa ya haura mita biyu, tsawonsa ma haka, don haka doguwar bubu har ƙasa za ta fita ba ƙari ko ɗaya, har a samu ragowar ɗankwali da shimi. Ki nemi marar zane ko mai ƙananan ratsi, don mai manyan furanni ko me kika yi masa sai an gane daga kan katifa ya sauko. Fari kuma yana karɓar rini. Bayan zanin gado sai manyan rigunan maza masu maɓalli: bayansu fili ne mai kyau, gabansu ga maɓalli da ramukansu a shirye, abin da ke ba sabuwar mai ɗinki wahala. Riga ɗaya takan zama rigar yarinya 'yar shekara biyar ko shida, maɓallan su koma baya. Sai siket masu tattara, waɗanda in an farke ƙugunsu yadi ke zubowa. Idan Allah ya haɗa ki da lilin, kada ki bari. Ya fi auduga saurin bushewa, laifinsa kawai yamutsewa.

Gwanjo yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: 'yar takardar da ke maƙale a wuya ko a gefen ciki. In kika ga cotton ko coton da 100%, kin huta da gwajin ashana. Abin da za ki kauce wa shi ne riguna masu talewa irin na 'yan ƙwallo da singileti, domin keken ƙafa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, da an ja rigar zaren zai tsinke. Haka kayan da aka yi da gutsattsari da yawa, za ki ƙare yini kina farka ki tashi da abin da bai fi hankici ba. Wannan farkar ita ce ainihin kuɗin gwanjo, lokacinki take ci. Ga wanki: warin dila ba ya fita da sabulu sau ɗaya, sai an jiƙa da ruwan zafi, an shanya a rana sosai, an bi da guga, balle kayan da za su taɓa fatar yara. Sannan sai kin yi sammako ranar buɗe dila, in ba haka ba masu shaguna sun tsince na kirki.

Sabon yadi shi ne mafi sauƙin yanka, mafi tsada, kuma mafi haɗarin ruɗi. Kin zaɓi launin da kike so, kin sayi tsawon da ya ishe ki, ba raunin tsufa, ba wanda ya taɓa ganin sa a jikin wani. Don zuwa aiki ko makaranta ko gidan biki, babu tantama shi ne. Amma kasuwa ta cika da atamfar roba mai sheƙi da arha, mai shago kuma zai ce miki, "Hajiya, wannan auduga ce zalla, ba ta zuba." Wataƙila ya yi gaskiya, wataƙila shi ma haka aka faɗa masa. Ba za ki kunna ashana a Kantin Kwari ba, amma za ki iya damƙe gefen atamfar a tafin hannu ki saki: auduga za ta riƙe yamutsa, roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Ba duk atamfar China ce roba ba, akwai masu auduga a cikinsu, sai dai farashin da ya faɗi ƙasa da yawa abin tuhuma ne. Araha ba ta ado, a bazara kuma ba ta sanyi.

Kowane irin yadi da tarkonsa. Boyel ba shi da nauyi ko kaɗan, amma yana nuna jiki, sai an yi masa shafi, shafin da ake sayarwa kuma yawanci roba ne. Kin sayi yadi mai sanyi da tsada kin manna leda a fatarki. Gara ki bar shi ba shafi ki sa shimin auduga a ciki, ko ki yi shafin da tsohon farin zanin gado. Leshi yana da huda kamar zai sha iska, amma nauyin aikinsa da shafinsa sun cinye amfanin hudar. Sabuwar shadda, ko da ta Getzner ce da ake kawowa daga Ostiriya, auduga ce, sai dai a sandare take, ba ta sakin jiki sai ta sha wanki, kuɗinta kuma ya wuce na koyon yanka. Akwai kuma matiriyal mai santsi da ake kira rayon ko viscose, yana da sanyi ƙwarai a jiki, amma yana zamewa a ƙarƙashin allura, yana tsukewa, in ya jiƙe kuma ƙarfinsa raguwa yake yi. Ko wanne kika saya, ki wanke shi ki goge kafin ki sa almakashi. Mutane suna ƙin yin haka don kada sabunta ta tafi, sai su ɗinka daidai jiki, wankin farko riga ta ɗage.

Keken da kike da shi ma yana da ta cewa. Butterfly na ƙafa, wanda ke ɗakunan iyayenmu da yawa, ya fi jin daɗin atamfa da zanin gado da tsohuwar shadda, da allura lamba 14. Boyel da rayon suna son lamba 11 da haƙuri. Tunda ba ki da keken wibin na datse baki, ki koyi ɗinki mai ninki biyu: ki haɗa ƙyallen fuska a waje ki ɗinka siriri, ki rage bakin, ki juya ki sake ɗinkawa ta ciki ya rufe na farkon. Ba zare mai zarewa, ba kaushin da zai goge fata mai gumi, kuma tsohon zani ya fi daɗewa da shi.

Idan aka zo zaɓi, ni ga yadda nake rabawa. Rigunan zaman gida, na barci da na yara, tsohon zani, ba sai an yi dogon tunani ba, balle ga wadda hannunta ke rawa in ta riƙe almakashi. Kuskure a nan ba ya sa kuka. Wadda ba ta da tarin zannuwa, kamar budurwa ko ɗaliba, ko doguwar mace da yadi biyu ba ya kai mata, zanin gadon gwanjo ya fi mata. Kayan fita kuwa sabuwar atamfar auduga, amma bayan kin gwada yankan a kan tsohon zani, kin sa, kin ga inda wuya ya yi faɗi ko hammata ta kama, kin gyara. Wannan rigar gwaji sai ta zama ma'auninki, ki shimfiɗa ta a kan sabon yadin ki bi.

Akwai wuri ɗaya da sabon yadi ba shi da abokin takara, kuma nan nake ganin ya fi dacewa kuɗin ya tafi: hijabi. Mace za ta ɗinka riga mai sanyi, sannan ta ɗora hijabin roba tun daga ka har ƙasa, ta shiga adaidaita sahu da rana tsaka. Duk sanyin rigar ya tashi a banza. Zani ba shi da faɗin da zai yi dogon hijabi, zanin gado kuma ya cika nauyi a ka. Ki nemi yadi mai faɗin inci 60, marar nauyi, na auduga ko wanda audugarsa ta rinjaya, mai launin da ba ya nuna jiki. Ki roƙi mai shago ya yanko miki ɗan ƙyalle ki je gida ki gwada da ashana kafin ki biya. Zai fi na roba yamutsewa, zai kuma nemi guga duk wanki, sai ki ɗinka biyu, ɗaya na jiki ɗaya na kan igiya.